Katangar Yariko ta Delmus Tackett

Kowa a Tinsley Ford ya san Delmus Tackett ya je Ƙasa Mai Tsarki, wanda kuma bai sani ba Delmus zai tare shi a gidan mai ya sanar da shi. Tafiya ce ta 'yan coci, kuma a cikinta aka kai su wani kufai inda masana suke tono, aka miƙa wa kowa bokiti ya kwashi ƙasa na rabin yini don a ɗauke shi hoto. Sauran matafiya sun dawo da man zaitun da ciwon ƙafa. Shi kuwa Delmus ya dawo da malafa, da ƙaramin cokalin magina da yake sokewa a ɗamara, da ƙahon rago mai ɗan karen wari, da sarautar da ya naɗa wa kansa a cikin jirgi, wato masanin kufai.

Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta kafin ya yi ritaya, saboda haka bai iya magana a hankali ba. Raɗarsa ma ana jin ta a ƙetaren titi. Tun da ya dawo, ba ka isa ka yar da fasasshen kofi a gabansa ba sai ya tsugunna ya gaya maka zamaninsa.

To amma a ƙarƙashin duk wannan cika baki akwai abin da ke cin ransa, kuma ba wasa ba ne. Yayansa Arlis, tsohon makanike, bai sake taka harabar coci ba tun ranar da aka binne matarsa Jewel shekara uku da suka wuce. Ko kabarinta bai je ba, alhali yana nan bayan cocin. Tun suna samari su biyun ne masu kaurin murya a bencin baya na mawaƙa, kafaɗa da kafaɗa. Yanzu Delmus shi kaɗai yake jan waƙa da kaurin murya, yana ajiye malafarsa a gurbin yayansa don kada wani ya zauna. Kewar Arlis yake yi ƙwarai, sai dai bai san yadda ake faɗin haka ba, don haka ya ɗauki cokalinsa ya nufi gareji da hujjoji.

Ya tarar da ƙafafun Arlis kaɗai a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin tsohuwar taraktarsa.

"Yaya, da idona na ga tubalin Yariko, garin nan da Joshuwa ya sa aka kewaye aka busa ƙaho katangarsa ta zube."

"Ka gani, ko an nuna maka ta tagar bas mai sanyi?"

"Ka saurara mana! Masu tono sun tarar da tubalin katangar a zube ta waje, ba ta ciki ba. Ya taru a gindi ya zama matakala, kowa ya haura ya miƙe gabansa, kamar yadda Littafi ya faɗa. Sun tarar da tuluna cike da ƙonannen hatsi. Wa zai ci gari da yaƙi ya bar hatsi, in ba an hana shi taɓawa ba? Sannan ta arewa akwai inda gidaje suka tsaya a jikin katanga. Gidan wa ke nan? Gidan Rahab, karuwar nan da ta ɓoye 'yan leƙen asirin Joshuwa, suka yi alkawarin ceton gidanta!"

"Ta bar takardar haya ne a ƙofa?"

"Yaya!"

"Ni na ji su kansu masu tonon ba su gama faɗa a kan shekarun ba. Wannan ya ce lokacin Joshuwa ne, wancan ya ce an riga shi."

"Hassada ce irin ta masana. Mu da muke cikin aikin mun sani."

"Ku da wa? Auta, bokiti ka ɗauka."

"Bokitin wa? Na ƙasar tarihi!"

Arlis ya turo kansa waje, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Ka ga, gani ya kori ji. Ranar da na ga katanga ta zube ta waje da idona, ka ɗauke malafarka daga wurina in zauna. Kafin nan miƙo mini sifana."

Don ya rabu da shi ya faɗa. Delmus kuwa ya ɗauke ta alkawari, ya fita ko sifanar bai miƙa ba.

Lahadin Furanni ta kusa, ranar da duk wanda yake da nasa a maƙabarta yake dawowa daga inda yake, a share kaburbura a jera furanni, a ci abinci a doguwar rumfar kwano da ke gefen coci, da yamma a shiga waƙa. Ranar Delmus ya zaɓa. Zai gina katangar Yariko a filin da ke tsakanin rumfa da maƙabarta, jama'a su kewaye ta, a busa ƙaho, ta zube ta waje, kowa ya ga hujja.

Fasto Winfield matashi ne mai sanyin hali, bai taɓa iya ce wa wanda ya girme shi a'a ba. Ya ce, "Ɗan'uwa Delmus, ba za a iya yi da kwali ba?"

"Kwali? Fasto, Kan'aniyawan Yariko da kwali suka yi gini?"

"To, amma dai ƙarama ko?"

"Ƙarama mana. Ba za ta fi tsayin ƙofa ba."

Bai ce wace ƙofa ba. Ta gareji yake nufi.

Da jar ƙasar bakin rafi ya fara, ya haɗa ta da ciyawar dawakin maƙwabcinsa, wadda ya ce aro ya yi. Ya naɗe wando yana cuɗa laka da ƙafa, yana yi wa masu wucewa bayanin wahalar da Isra'ilawa suka sha a Masar. Tubali ya jeru reras, katanga ta tashi har kafaɗa, Delmus ya fara tafiya hannu a baya. Abin da ya manta shi ne Yariko hamada take, Tennessee kuwa sama ba ta shawara da kowa. Ranar Laraba da la'asar, ana shirin addu'ar tsakiyar mako, hadari ya taso ya juye. Kafin a fito daga coci katanga ta narke ta gangaro wurin ajiye motoci, ta kwanta ja wur. Sai da aka tura motar Fasto, matarsa ta bar takalmi ɗaya a ciki har yau ba a gan shi ba.

Novella, matar Delmus, ta tsaya a matakala riƙe da laima ta ce, "To, ta faɗi. Ta waje ma. Sai mu tafi gida?"

"Wannan ai gwaji ne."

"Da Joshuwa ya san ruwa ke ka da ita, da bai wahalar da mutane da tafiya ba."

"Novella, ilimi ba na kowa ba ne."

"Na ga alama."

Washegari ya je kanti ya cika bayan mota da siminti da rodi. Mai kantin ya ce, "Ɗan'uwa, katangar da za a rushe ce ake sa wa rodi?"

"Kaɗan ne, don ta kai Lahadi a tsaye."

"Wannan kaɗan ɗin zai riƙe gada."

"Kai sayarwa ka iya. Ni na ga asalinta."

Tun da ruwa ya kunyata shi sau ɗaya, Delmus ya rantse ba zai sake ba. Duk buhun da ya zuba sai ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara wani. Haka ya yi ta yi har simintin ya ƙare kafin ya kai ƙarshen arewa, inda ɗan ɗakin Rahab zai tsaya. Sai ya gina ɗakin da zallar laka, ya rufa masa leda, ya ce ai wannan ba faɗuwa zai yi ba, me zai yi da ƙarfi.

Saura ƙonannen hatsi. Novella tana da manyan tuluna na gado, waɗanda uwarta take jiƙa kokwamba a ciki, sai da ta tafi gyaran gashi ya kwashe su. Alkama ta yi masa tsada. A ɗakin ajiyar coci kuwa akwai buhun masarar gugguru na matasa, ba mai tsaro. Maƙwabcinsa, mai ciyawar nan, ya leƙo ta shinge ya ce, "Delmus, wannan fa ta gugguru ce."

"Na sani. In ka liƙe bakin tulu da laka, iska ba ta shiga, ƙonewa za ta yi ba fashewa ba. Haka masana suke yi."

Ya liƙe su tsaf, ya jera a cikin durom ɗin da yake gasa nama, ya hura wuta, ya ja kujera. Da farko shiru. Can sai aka ji ƙas, ƙas, kamar ana taunar ƙashi. Kafin ya miƙe tulun farko ya yi bindiga, murfin durom ya tashi ya sauka a rufin kajin maƙwabci. Na biyu da na uku suka amsa. Gugguru ya yi ta zuba a unguwa fari fat, kaji suka rasa gudu za su yi ko tsattsaga, karnuka suka haukace. 'Yan kwana-kwanan garinmu duk 'yan sa kai ne, wanzami da mai gidan mai da ɗan'uwan Novella, suka iso da jiniya, suka tarar ba abin kashewa sai ciyawa. Wanzami ya cire hular ƙarfensa ya cika ta da gugguru, ya tambaya ko akwai gishiri.

Ana haka Novella ta dawo da sabon gashi. Ta dubi gutsattsarin tulunan uwarta a warwatse, ta dubi mijinta da girarsa ta babbake.

Delmus ya ɗaga wani guntu ya ce, "Kin ga, a kufai ma a fashe ake samun su."

"Ka tsince su ka gaya mini zamaninsu, masani. Ni zan gaya maka naka: zamanin cin abincin gwangwani."

Da wani ne ya ji an taɓa cikinsa haka, da ya saduda. Delmus kuwa ya ƙona gugguru a tukunya har ya yi baƙi, ya zuba a tulun furanni, ya ce ya fi ma kama da na asali. Daga nan ya nufi taron zumuntar mata neman wadda za ta zama Rahab.

"Aikin ba wuya," in ji shi. "Zama kawai za ta yi a taga, ta sako jar igiya, alamar kada a taɓa gidanta."

Shugabar zumunta ta sauke tabarau ta ce, "Rahab wadda muka sani? Mai sana'ar nan?"

"Ai ta tuba."

"To matarka ta yi mana."

Novella ta ce, "Auren Delmus ma ya ishe ni abin magana."

Ya juya ga matar mai kanti, ta ce surukanta za su zo daga Ohio. Ya juya ga matar Fasto, ta nuna masa sabon takalminta. Sai aka ji sanda ta bugi ƙasa daga kusurwa. Iya Ozella ce, mai shekara tamanin da takwas, wadda ta koya wa rabin garin karatun Lahadi, har da Delmus da ta sha murɗe wa kunne.

"Ni zan yi."

"Haba Iya!" in ji matan baki ɗaya.

"Haba me? Tunda nake ba wanda ya taɓa zargina da komai. Ku bar ni in ɗana kafin in mutu. Delmus, ina son jan baki da kujera mai matashi."

Abu ɗaya ya rage, shi ne abin da zai ja katangar idan an busa ƙaho. Tarakta mai ƙarfin wannan aiki guda ce a kusa. Delmus ya koma gareji ya yi tsaye yana murza malafa.

"Yaya, aron tarakta nake so."

"Ashe mu'ujizar da man dizal take tafiya."

"Ba mu'ujiza nake nunawa ba, yadda tubali ke kwanciya nake nunawa. Wannan ilimi ne."

"Ba mai hawa taraktata. Kai da ka taɓa shigar da bas cikin kududdufi?"

"Hazo ne ranar! To kai ka tuƙa."

Ya shirya dogon wa'azi don wannan gaɓa, har da ayoyi. Amma Arlis ya dubi ƙasa, ya ce, "Lahadin Furanni, ko? To. Zan zo in ja. Amma ba zan sauko ba."

Delmus ya fito yana ce wa duk wanda ya gamu da shi hujja ta fara aiki, tun ba a ga komai ba ta karya taurin kan Arlis.

Lahadi ta zo da rana mai ƙuna. Motoci har bakin titi, lambobin jihohi iri-iri. Mata suka jera abinci a rumfa daga wannan kai zuwa wancan: soyayyar kaza, wake da naman alade, burodin masara, kwaɗon kabeji, ƙwai mai yaji, kek ɗin kwakwa na shugabar zumunta wanda ake yi wa layi, da babban kwanon kunun ayaba na Novella. Aka lulluɓe komai da mayafai sai an gama Yariko.

Delmus bai so a ga tarakta, kada ta ɓata tarihi. Ya sa Arlis ya ɓoye ta a bayan coci. Daga can kuwa sarƙa ba ta miƙewa zuwa katanga sai ta yi kwana, kuma abin da ke daidai kwanar shi ne ginshiƙin kusurwar rumfa. Delmus ya zagaya sarƙar ta bayansa ya lulluɓe ta da ciyawa.

Novella ta ce, "Delmus, wannan ginshiƙin kakana ne ya kafa shi."

"Shi ya sa na amince da shi. Aikin mutanen da."

"Cire sarƙar nan."

"Ke da kika ƙi zama Rahab ba ki da baki a Yariko."

Aka fara. Mawaƙa sun yafa zannuwan gado, dattawa sun ɗaura tawul a ka, 'yan badujalar sakandare suna gaba da kakakinsu. Iya Ozella tana tagar ɗakinta da jan baki raɗau, tana ɗaga wa maza hannu tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har mai kanti ya rasa inda zai sa fuskarsa. Delmus ne Joshuwa, da rigar wankan Novella da takobin katako, cokalinsa na nan a ɗamara. Ya yi jawabin hujjoji uku, ya zagaya da tulun ƙonannen gugguru kowa ya leƙa, wani baƙo ya ɗiba ya ci ya tofar.

Littafi ya ce a kewaya sau bakwai, a kuma yi shiru wajen kewayawa, amma ba a yi zagaye biyu ba aka fara gaisawa da 'yan'uwan da aka daɗe ba a gani ba. A na huɗu dattawa suka fara zamewa inuwa. Wata ta ce, "Ba za a iya cewa an yi bakwai ba? Kaza na hucewa." Delmus ya ce ko ɗaya ba za a rage ba. Da aka kammala ya hau kan akwati, ya cika kumatu, ya busa ƙahon rago. Abin da ya fito ba ya kama da kiran yaƙi ko kaɗan. Shanun gonar da ke ƙetaren shinge suka ɗaga kai suka amsa, suka taho a guje.

"Ku yi ihu!" in ji Delmus.

Jama'a suka kurma ihu, kakaki suka ɗauka. A bayan coci tarakta ta yi gurnani, sarƙa ta tashi daga ciyawa ta miƙe gam. Katanga ko gezau.

"Bangaskiyarku ce ta yi kaɗan! Ku sake!"

Suka sake, har da tari. Ko ƙura ba ta zubo ba. Wani daga baya ya ce, "Kan'aniyawa sun ci!" Aka kwashe da dariya. Delmus ya tuna malafarsa a kan benci, ya tuna Arlis zai juya tarakta ya koma gida yana cewa ai na faɗa. Ya tattare rigar wanka ya ruga kusurwar coci, ya buɗe muryar nan ta bas ɗin 'yan makaranta.

"Yaya! Ba ta wuta! Duka!"

Arlis daga inda yake ba ya ganin komai sai bangon coci. An ce ya ba ta wuta, ya ba ta.

Tsakanin rodin Delmus da ginshiƙin kakan Novella dole ɗaya ya sallama, kuma ba rodin ba ne. Ginshiƙi ya yi ƙara ya tsinke. Rumfa ta yi ɗan jim kamar mai tunani, sannan ta durƙusa ta kusurwa, ta ja sauran ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya. Tebura suka kife. Kaza ta bi gangara, wake ya bi kaza, kek ɗin kwakwa ya yi birgima a tsaye har gaban Fasto sannan ya kwanta. Allah ya sa duk jama'a suna wajen kewaye, ba kowa a ƙarƙashi. Kwanon rufin ƙarshe ya zame ya tafi kamar faranti, ya daki ɗakin Rahab a ƙugu.

Ɗakin da aka ce shi kaɗai zai tsaya, shi kaɗai ya faɗi. Bangayensa suka buɗe kamar an ɓare ayaba, kowanne ya kwanta gefensa. Da ƙura ta lafa sai ga Iya Ozella zaune daram a kujerarta mai matashi, jar igiya a hannu ɗaya, cinyar kaza a ɗayan, wadda ta sata tun ana jawabi.

Ta duba hagu ta duba dama ta ce, "To ina 'yan leƙen asirin da suka ce za su cece ni? Maza dai duk halinsu ɗaya."

Wuri ya yi tsit. A cikin wannan shiru ne Delmus, don Allah bai ba shi baiwar rufe baki ba, ya nuna tarin lakar da takobinsa ya ce, "Ku duba! Ta waje ta faɗo!"

Ba sai an ba matan umarnin ihu ba a wannan karon. Shugabar zumunta ta taho da ludayi, matar Fasto da sabon takalminta a hannu, Novella kuwa ba ta ɗauki komai ba, kuma ita ya fi tsoro. Shanu sun riga sun ƙetare shinge sun sa kai a kwaɗon kabeji. Joshuwa ya ja da baya, ya taka kunun ayaba, ƙafafunsa suka yi sama, ya sauka zaune a cikin kwanon.

Daidai nan Arlis ya zagayo, shi da ya ce ba zai sauko ba. Ya dubi rumfa a ƙasa, ya dubi Rahab tana gwaguyar kaza a fili, ya dubi katanga tsaye ƙiƙam ba ko tsaga, ya dubi ƙaninsa a cikin kwano. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda garin ya manta yana da ita, mai kauri kamar ana mirgina ganga. Ya riƙe ciki, ya zauna a ciyawa, hawaye na zuba.

"Auta," ya ce da ƙyar, "tun da aka fara tonon kufai ba a taɓa samun wanda ya gina wa marasa bangaskiya hujja da kuɗin aljihunsa ba sai kai!"

Dariyar ta kama kowa, har mai ludayi ta sauke hannu. Delmus kaɗai bai yi ba. Ya miƙe, kunu na ɗiga daga rigar wanka, ya sulale bayan coci wai zai kwance sarƙa. Gaskiyar magana kuka ke neman kufce masa. Ba rumfar ce ta dame shi ba, ba kuma dariyar mutane ba, wannan ya saba. Ya yi duk abin da ya iya don ya dawo da yayansa, ya ƙare da ba shi abin ba'a na shekara goma.

Ƙugiyar sarƙa ta cije, ya buɗe akwatin kayan aiki na tarakta neman guduma. Babu guduma a ciki. An kwashe ƙarafan duka, an shimfiɗa tsumma mai tsabta, a kai kuma ga kwalba da ruwa, cike da jajayen wardi. Delmus ya san su. Na jikin shingen Jewel ne, waɗanda ta dasa da hannunta.

Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Sai yanzu ya gane dalilin da Arlis ya amsa da wuri haka.

"Rufe mini akwati, ɗan bincike," in ji Arlis daga bayansa, yana share ido.

"Yaya, ashe ba hujjata ce ta kawo ka ba."

"Wace hujja? Shekara uku ina yanko su ranar nan, in zo har bakin titi in juya. Na rasa yadda zan shigo mutane na kallona da tausayi. Yau kuwa wa yake da lokacin kallona, ga ka?"

Ya ɗauki kwalbar, ya ɗan tsaya, ya ce, "Zo ka raka ni. Amma ka yi nesa kaɗan, ƙudaje na bin ka."

Suka bi ta gefen katanga zuwa maƙabarta. Arlis ya durƙusa ya ajiye furannin, ya cire 'yan ciyayi da hannu. Delmus bai taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba a rayuwarsa. Can Arlis ya ce, "Da tana nan, da sai an ɗauke ta a kujera don dariya. Kullum tana cewa kai ne kyautar da aka ba ta a kan aure."

A cikin coci an fara waƙar yamma da wuri, tunda babu abincin da za a jira. Muryoyin mata ne da na samari suke ta hawa sama, ba abin da ya tokare su daga ƙasa. Arlis ya karkata kai ya yamutsa fuska.

"Ji yadda suke kashe waƙar nan. Ba mai ja musu da kaurin murya?"

"Mai ja musu yana nan da kunu a wando."

Arlis ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Na ce in na ga katanga ta zube ta waje. Ban ce wacce ba. Mu je."

Suka shiga ta ƙofar baya. Novella ta hango su daga benci, ta buɗe baki za ta ƙarasa abin da ta fara, sai ta ga wanda ke bayansa, ta sa hannu ta rufe bakin. Delmus ya ɗauke malafarsa daga gurbin da ya yi shekara uku ba mai shi. Ko a nan bai haƙura ba, ya sunkuya wajen Fasto ya yi raɗar nan tasa da aka ji har bakin ƙofa: "Fasto, ka ga aikin ilimin kufai ko?"

"Matsa, Auta, ka cinye mini wuri," in ji Arlis. "Rufe baki ka kama waƙa."

Suka ja numfashi tare suka shiga a baiti na biyu. Katangar dai ba ta motsa ba, tana nan har gobe, an gaji da neman mai rushe ta an jingina sabuwar rumfa a jikinta. Amma ranar, da muryoyin nan biyu suka sauka tare, gilasan tagogin coci sai da suka yi rawa.